Tsakuwar da Na Zubar a Mambila

Tun da na dawo daga Mambila ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ina zama a teburin mai shayi a Yalwawa sai wani ya jawo benci: "Haladu, wai da gaske ƙwari kuka je kamawa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya ji sai ya je ya ƙara masa gishiri. Jiya na tarar da wani yana rantsuwa wai kada ya kama ni a ƙafa. Babu kada a can, ruwan ko gwiwa bai kai ba. To ga shi na rubuta, sau ɗaya tak. Aji uku na yi a firamare, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya zo min da shi.

Ni direba ne, na fi shekara ashirin ina riƙe da sitiyari. Wadda ta ɗauke ni Dakta Rabi ce, malamar jami'a, maƙwabciyarmu, ni nake kai ta Kafin Hausa duk ranar da motarta ta ƙi tashi. Karatunta gaba ɗaya a kan ruwa ne da abin da ke rayuwa a cikinsa. Wani tsohon ɗalibinta ɗan Mambila ne ya bugo mata waya ya ce rigima ta tashi a ƙauyensu. Akwai wani kurmi a saman tudu, daga cikinsa ƙoramar da gari ke sha take fitowa. Wani attajiri, Alhaji Buba mai katako, yana so a ba shi wurin ya sare ya dasa itacen turare, shi kuma ya sake wa masallaci rufi. Wani tsoho, Baba Audu, wanda tun kakansa gidansu ke gadin kurmin, ya ce in aka sare ruwan zai mutu. Alhaji ya ce ruwa ruwa ne, ga wata ƙorama nan a ƙarƙashin tsohuwar gonar turarensa tana gudu lafiya lau. Jauro, wato mai garin, ya gaji da su. Ya ce a nemo mai ilimi ya duba ƙoramun biyu. In babu bambanci, gatari zai shiga.

Na ukunmu Malam Isyaku ne, mutumin Garki, mai kula da ɗakin gwaje-gwajen Dakta. Dogo, siriri, da matsefata a aljihun gaba kamar biro. Kayanmu kuwa raga mai sanda, fararen farantai manya, ƙananan kwalabe ba adadi, dogayen takalman roba, da jarka ɗaya ta sifirit, ruwan nan mai warin asibiti da ake jiƙa ƙwaro a ciki don kada ya ruɓe.

Mun tashi bayan asuba ranar Litinin. Birnin Kudu, Gwaram, Darazo, Dukku, sai Gombe. Malam Isyaku bai taɓa tuƙa ko keke mai kyau ba, amma tun daga Birnin Kudu yake koya min tuƙi.

"Direba, rami!"

"Na gani, Malam."

"Ka gani ka faɗa?"

"Na zaɓi ƙaramin ne. Babban yana gefenka."

Dakta tana baya tana duba takardu, in ta ji mun yi yawa sai ta yi gyaran murya. Bayan Kaltungo taya ta fashe, na canza ta a rana, Malam Isyaku yana tsaye a inuwa yana gaya min inda zan sa jak. Daga Numan zuwa Jalingo kuwa ban san ko hanya ce mai ramuka ko ramuka ne masu hanya ba. A Jalingo muka kwana, a wani masauki da famfonsa ke tari ba ya kawo ruwa.

Kashegari Bali, Serti, sai gindin dutsen. Ku mutanen Dutse da kuke taƙama da duwatsunmu, ku yi haƙuri. Namu a can murhu za a yi da su. Hanyar tana nannaɗe dutse kamar rawani, kwana bayan kwana, hannun dama bango, hannun hagu babu komai sai sama. Malam Isyaku ya daina koya min tuƙi, ya koma salati. Ana tsakiyar hawa lagireto ya tafasa. Wata mata mai sayar da ayaba a bakin hanya ta kawo min ruwa a baho, tana dariya.

"Ɗan Kano, motarka ba ta saba ba."

"Ni ɗan Jigawa ne, Inna."

"To, ɗan Kano na Jigawa."

Haka aka yi ta kirana har na bar ƙasar. A can duk Bahaushe ɗan Kano ne, na gaji da gyarawa.

Da muka hau sama sai duniya ta canza. Iska mai sanyi, ciyawa shimfiɗe har iyakar gani, shanu manya masu ƙiba. Abin da ya fi ba ni mamaki, a wurinmu gona ake tsarewa dabba ta yawata, a can ciyawar ce ake yi wa shingen waya, kowane makiyayi da tudunsa.

Ƙauyen yana bayan Gembu, kuma hanyar da mota ke iya bi tana ɗan leƙawa cikin Kamaru kafin ta dawo. Iyakar ba komai ba ce illa gora a kan durom biyu da wata rumfa. Wani jami'i mai jar hula ya fito, ya duba takardunmu, ya zaga bayan mota, ya buɗe jarkar sifirit ya shinshina. Sai ya ɗago ya dube ni, ya dubi hulata, ya yi magana da Fulatanci. Wani mai babur da ke jiran a ɗaga masa gora ya fassara.

"Wai yana tambaya, tun yaushe alhazan Kano suka fara safarar giya?"

Raina ya ɓaci sosai. Shekarata hamsin ko warinta ban taɓa bi ba. Malam Isyaku ya shiga bayani da Turanci mai nauyi, jami'in ba ya ji, shi kuma ba ya tsayawa. Dakta ce ta sauko, ta sunkuya cikin ciyawa ta cafko fara, ta jefa a kwalba, ta zuba sifirit, ta rufe, ta miƙa masa. Ya juya kwalbar yana kallo. Ya tambaya ko abin da muka zo yi daga Kano ke nan. Aka ce masa eh. Ya yi dariya har ya dafa durom, ya ce in mun gama da na ruwa mu dawo mu kwashe masa sauron rumfarsa. Ya ɗaga gora.

Jauro ya sauke mu da mutunci. Dakta ta shiga wurin matansa, mu kuma aka ba mu ɗakin baƙi mai murhu a tsakiya. Ban taɓa ganin garin da ake ɗumama ruwan alwalar azahar ba sai nan. Abinci tuwon masara ne da miyar wani ganye da suke kira kumbi, safe da yamma. Na tambayi fura, suka dubi juna, aka ce gero ba ya yi a nan. Amma nono kamar a yi wanka da shi, fiya kuwa a ƙasa take zube, awaki na ci. Malam Isyaku, wanda a Dutse sai ya yi ciniki kafin ya sayi guda ɗaya, ya zauna ya ci biyar ya bi da kindirmo. Na ce masa, "Malam, cikin Garki ne fa da kai." Ya ce in kula da motata.

Da la'asar aka kawo mana Baba Audu. Gajere ne, da tsohuwar kwat har gwiwa, adda a hannu, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Ya kai mu bakin kurmin. Ba wani babba ba ne, in ka zaga shi da ƙafa ba za ka gaji ba, amma ciki duhu, sanyi, ganye ya rufe sama. Ina tafe na miƙa hannu na karyo ɗan reshe zan yi asuwaki. Tsohon ya tsaya cak.

"Ɗan Kano, wa ya ba ka?"

"Asuwaki ne kawai, Baba."

"Ubana ya mare ni a kan asuwaki a nan. Ajiye shi a gindin uwarsa."

Na ajiye. Ya nuna mana wani faffaɗan dutse a cikin ruwa, ya ce daga nan zuwa sama ba a wanki, ba a shigar da saniya, ba a sa sabulu. Ya ce shekara uku ke nan yana rigimar nan shi kaɗai, 'ya'yansa ma sun ce ya haƙura. Dakta ta ce masa, "Baba, ni ba alƙali ba ce. Abin da na gani zan faɗa, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba." Ya ce ya yarda. Jauro ya sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ranar Laraba muka fara da ƙoramar turare ta Alhaji Buba. Gaskiya a ido ba ta da laifi, ruwa garau. Na ce wa Dakta, "Ranki ya daɗe, ba kwalba za ki cika ki kai Dutse a gwada ba?"

Ta ce, "Malam Haladu, ruwan da na ɗiba yanzu labarin yanzu kawai zai ba ni. Wanda ya wuce jiya ya tafi. Amma waɗanda suke zaune a ƙarƙashin duwatsun nan wata da watanni suna sha, su ba sa ƙarya."

Ta shiga ruwa da takalman roba, ta kafa raga, tana tuttura duwatsu da ƙafa, duk abin da ya tashi ruwa ya kai shi cikin ragar. Ta juye a bokiti. Malam Isyaku ya riƙa zuba kaɗan kaɗan a farin faranti yana tsinta da matsefata. Ita kuma tana yi min bayani, don ta ga na tsaya ina hamma.

"Ka san kasuwar Shuwarin?"

"Tun ina ɗan kamasho."

"To ƙorama kasuwa ce, kowa da sana'arsa. Akwai masu yagar ganye, in ganye ya faɗo daga bishiya su ne ke yayyanka shi. Akwai masu kankara, su ke goge gansakukar da ke kan dutse. Akwai masu tace, suna kafa 'yar ragarsu su tare abin da ruwa ya ɗauko. Akwai masu kala, suna bin laka suna tsintar ɓurɓushi. Sai mafarauta, masu cin sauran. Ba yawan kai nake ƙirgawa ba, sana'o'in nake ƙirgawa. In ka shiga kasuwa ka ga babu mahauci, babu mai hatsi, babu maƙeri, sai masu shara kawai, me za ka ce?"

"Kasuwa ta tashi."

"Shi ke nan, ka gama karatun."

A ƙoramar turare kusan duk masu kala ne, wasu jajayen tsutsotsi sirara, da 'yan masu tace baƙaƙe manne da dutse. Dakta ta ce ganyen turare da ɗaci da mai, masu yaga ba sa son sa, ga laka da ke zubowa daga gona ta rufe duwatsu. Aikin ya ci mana yini guda, saboda Malam Isyaku in ya ɗauki tsutsa ɗaya sai ya gaishe ta.

Ranar Alhamis fiya ta yi aikinta. Malam Isyaku ya kasa nisa da bayan gida. Muka hau kurmi ni da Dakta da Baba Audu. Ta shiga ruwan, sanyinsa har haƙoranta na haɗuwa, ta cika bokiti da ganyaye da tsakuwa da yashi da guntayen itace. Tana fitowa sai ga aike daga matan Jauro, wai ta zo ta ga inda suke ɗiban ruwa, kuma ba a ƙin kiran matan mai gari. Baba Audu ya raka ta. Ta ce min, "Malam Haladu, ka ɗan rage min dattin, ina dawowa."

A nan na yi abin da na yi. Ku saurara da kyau, don wannan ne wurin da kuke ɓatawa.

Uwata tuwon shinkafa take sayarwa a tasha, kuma ba ta haifi mace ba sai daga baya. Ni na tashi ina yi mata regen shinkafa. Ka zuba a ƙwarya da ruwa, ka juya, ka karkata, mai sauƙi ya bi ruwa ya sauka a wata ƙwaryar, tsakuwa ta zauna a gindi, ka watsar. Hannuna ya san aikin nan fiye da sitiyari. Na dubi bokitin, na tuna yinin da Malam Isyaku ya ɓata mana, na ce yau zan nuna wa 'yan boko aiki. Na ari ƙwaryar da ake ajiyewa a bakin ruwa don masu sha. Na tsame ganyaye da itatuwa da hannu, na rege sauran tas. Abin da ya taso na zuba a farin faranti. Ganye da tsakuwar kuwa na juye su a wani kwarmin dutse mai ɗan ruwa a gefe. Kafin Dakta ta dawo faranti fes, ƙwari na iyo, babu ko ƙwayar yashi.

Ta ce, "Kai, Malam Haladu, Isyaku ya samu kishiya a aiki." Na ji daɗi har wuya.

Ta zauna da gilashinta na ƙara girma ta fara rarrabawa. Ina kallon fuskarta tana canzawa. Masu kala, masu kala, mafarauci ɗaya, masu tace kaɗan, masu kala. Ta sake bi daga farko.

"Babu mai yaga ko ɗaya. A ƙarƙashin wannan ganyen duka? Masu kankara ma 'yan ƙalilan."

Baba Audu ya tsuguna kusa da ita. "Yaya, 'yata?"

"Baba, ya ɗan fi na turare, amma ba bambancin da zan tsaya gaban mutane in ce a hana mutum wuri saboda shi ba. Ban gane ba. Ko kurmin ya riga ya yi ƙanƙanta, ko wani ya taɓa zuba maganin kifi a sama. Gobe da safe zan sake gwadawa, amma ni kaɗai da matsefata ba zan gama kafin masallaci ba."

Tsohon ya ɗauki addarsa ya yi gaba. A gangara na ga ya tsaya ya dafa wata bishiya kamar mai sallama da ɗan'uwa. Kafin magariba labari ya zaga gari, har na ji an ce Alhaji Buba ya aika Gembu a kawo masu injin yanka.

Ranar Juma'a da sassafe na riga kowa hawa, don na manta bokitinmu a can. Na sunkuya zan ɗauka sai idona ya faɗa kan kwarmin dutsen nan. Tsakuwar da na zubar jiya a tsakiya na tara ta. Yanzu ta watsu, wasu ma sun hau bangon dutsen. Na tsaya ina kallo. Sai guda ɗaya ta motsa. Ta yi tafiya.

Na yi a'uziyya na ja da baya, don na san kurmi ba ya rasa masu shi. Da na ga babu abin da ya same ni na dawo na ɗauki guda a tafin hannu. Ba tsakuwa ba ce. Ƙananan ƙwayoyin yashi ne aka jera aka manne kamar ginin maginin kirki, da ƙofa. Can sai ga ɗan kai baƙi da ƙafafu sun leƙo. Na ɗaga wani guntun itace, shi ma gida ne. Na buɗe ganye, duk an huhhuda shi, wani an yanke shi da'ira kamar da almakashi, ga mai gidan naɗe a ciki. Ƙananan katantanwa, har da 'yar kaguwa kamar farcen babban yatsa. Duk mutanen da Dakta take nema suna nan, a bolar da na yi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na zauna a kan dutsen nan na yi tunanin yin shiru. Babu wanda ya gani. Gobe za mu tafi, ba zan sake zuwa ƙasar nan ba har in mutu. Kuma na san bakin Malam Isyaku, zai kai labarin har Garki. Amma tsohon nan da bishiyarsa ya ƙi fita daga idona. Na kwashe komai a ƙwarya na gangara da gudu, ni da rabona da gudu tun ana kama 'yan kamasho.

Na tarar da Dakta tana sa takalmi a ƙofar gidan Jauro. Na ajiye ƙwaryar a gabanta.

"Ranki ya daɗe, ni na kashe kasuwar. Rege na yi."

Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni. Ta ɗauki gidan yashi guda ta juya.

"Rege? Kamar shinkafa?"

"Kamar shinkafa."

"Ka zubar da tsakuwar."

"Wa yake ajiye tsakuwa, Dakta?"

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san kuka take ko dariya ba. Da ta buɗe, dariya ce, amma ta yi min faɗa sosai, ta haɗa da kanta, ta ce ita ce ta ce in rage datti ba ta gaya min mene ne datti ba. Malam Isyaku ya leƙo daga ɗaki riƙe da ciki. "Ai na faɗa, direba da matsefata..." Dakta ta ce, "Isyaku, koma ka kwanta." Sannan ta juyo. "Wannan na jiya ba zan yi aiki da shi ba, ya kwana a waje. Sabo za mu ɗiba, kuma daga ƙoramun biyu, a yi musu aiki iri ɗaya don kada a ce mun yi son kai. Regen nan naka, minti nawa yake ci?"

"Kafin ki sha shayi na gama."

"To za ka yi. Amma faranti biyu, na abin da ya taso da na abin da ya zauna a gindi. In ka zubar da ko ƙwayar yashi ɗaya, da ƙafa za ka koma Dutse."

Aka kira Baba Audu. Da na gaya masa abin da na yi, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Na asuwaki ne ko?" Ya tafi ya dawo da matarsa da ƙore uku. Dakta na ɗiba, ni ina regewa, tsohuwar tana wanke ganye ɗaya bayan ɗaya a faranti, Baba Audu yana ɗaga duwatsu yana nuna na manne. Daga nan muka sauka ƙoramar turare muka yi mata daidai yadda muka yi wa ta kurmi, na rege, aka bincike tsakuwarta har gindi. Tsakuwar can tsakuwa ce kawai, babu mai tafiya. Ana kiran sallah muna ɗaure kaya.

Bayan masallaci gari ya taru a ƙofar Jauro. Aka ajiye farantai biyu a tabarma, na kurmi da na turare. Alhaji Buba ya zo da babbar riga, mutum mai fara'a, ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai. Ya leƙa ya yi dariya.

"Allah ya ja zamanin Jauro, yanzu ƙwari ne za su yanke mana hukunci? To ai ga shi nan, na kurmi ya fi ƙwari. Wa zai sha ruwa mai ƙwari haka? Nawa ya fi tsabta."

Mutane suka yi guna-guni, da yawa sun yarda da shi. Dakta ta fara bayani, amma Hausarta ta aji ce, mai fassara wa taro da Fulatanci yana ta tuntuɓe. Sai ta juyo ta ce, "Malam Haladu, kai ka faɗa musu."

Ban taɓa magana a gaban mai sarauta ba sai a kan laifin hanya. Na cire takalmi na tsuguna. Na ba su labarin kasuwa yadda aka ba ni, ina nunawa da tsinke: ga mai yaga da gidansa na ganye, ga mai kankara da gidan yashi, ga mai tace, ga mafarauci. Sannan na jawo farantin turare na nuna jajayen tsutsotsin.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. Amma waɗannan na san su. A kwatar bayan gidana a Dutse suke, inda matata ke zubar da ruwan wanke-wanke. Kowa a nan ya je ya tona kwatarsa zai gan su. Waɗancan kuwa shekarata hamsin ban taɓa ganinsu ba, har jiya na ɗauka tsakuwa ce na zubar, na kusa jawo wa tsohon nan asara. Ban san su ba ne don a ƙasarmu babu ruwan da za su yarda su zauna. Alhaji ya ce nasa ya fi tsabta. To ga masu zaman kwata sun tare a nasa, masu tsantsami sun gudu. Ni dai na san wanda zan ba 'ya'yana."

Mai fassara ya juya da Fulatanci. Wata tsohuwa daga bayan taro ta ɗaga murya, aka ce min cewa ta yi ita ma ta san jajayen nan, kuma tun da aka dasa turare ƙoramar can take ƙafewa da rani, da ba ta yi. Wasu matan suka amsa mata. Jauro ya sa yatsa a farantin kurmi zai taɓa gidan yashi, wata 'yar kaguwa ta cafke shi. Ya yarfe hannu, taro ya fashe da dariya, shi ma ya yi.

"Wannan dogarin kurmin ne?"

Dakta ta ce, "Mai yagar ganye ne, ranka ya daɗe. In bishiyoyin suka tafi, shi zai fara tafiya."

Alhaji Buba ya karɓi gilashin Dakta ya durƙusa da babbar rigarsa, ya daɗe a kan gidan yashin nan. Ya ɗago ya ce, "Wallahi ya fi magina na iya jeri." Jauro ya yi shawara da dattawa kaɗan, sannan ya ce kurmi ya zauna yadda kakanni suka bar shi, daga faffaɗan dutse zuwa sama ba gatari. Alhaji kuma a ba shi gangaren yamma, inda babu idon ruwa, ya dasa turarensa. Alhaji ya ce ya karɓa, rufin masallaci ma yana nan.

Ina tsammanin Baba Audu zai yi godiya, ko ya yi kuka. Bai yi ko ɗaya ba. Yana ganin Malam Isyaku ya lallaɓo da kwalabe da jarkar sifirit sai ya sa addarsa a kan farantin.

"Ina za ka kai su?"

"Baba, ajiye su za mu yi, don shaida."

"Sun riga sun ba da shaida."

Dakta ta roƙe shi guda biyu biyu daga kowace sana'a, ya ƙirga mata da kansa yana ɓata rai. Sauran ya ce a mayar. Ya dube ni.

"Ɗan Kano, kai ka zubar da su, kai za ka kai su gida."

Haka na ɗauki farantin nan cike da ruwa na hau tudu, tsoho a gaba da adda, mutanen gari a baya kamar rakiyar amarya. A faffaɗan dutsen ya sa na durƙusa na karkata farantin a hankali. Muka tsaya muna kallo har ƙaramar tsakuwa ta ƙarshe ta fito da ƙafafunta, ta rarrafa ta shige ƙarƙashin ganye.